Kusa da Ofis ko Bayan Gari: Nazarin Ƙaurar Wani Ƙaramin Iyali

Iyalin mutum huɗu ne: maigida, akanta a wani kamfani, uwargida, malamar firamare, 'yarsu mai shekara 5, sai ƙaninta da bai cika shekara 2 ba. Kamfanin ya yi wa maigidan ƙarin girma, amma da sharaɗin zai koma reshensu da ke wani babban birni, tafiyar yini guda daga inda suke zaune, kuma cikin mako 6 ake so ya kama aiki. An ba shi masauki na wata ɗaya da kuɗin kwashe kaya. Abin da ya biyo bayan wannan, nasa ne ya san yadda zai yi.

A garin da za su bari komai nasu ya zauna. Kakar yaran ta wajen uwa tana kusa, ita ke riƙe ƙaramin idan uwar ta tafi makaranta. Suna da maƙwabciyar da suke bar wa makulli, da likitan da ya san yaran tun haihuwa. A sabon birnin mutum ɗaya tak suka sani, wani abokin karatun maigidan. Uwargidan za ta ajiye aikinta, albashi biyu zai koma ɗaya, ko da yake ɗayan ya ɗan yi kauri.

Sun fara da tunanin da kowa ke farawa da shi: ya tafi shi kaɗai, ya riƙa zuwa ƙarshen mako. Bai ɗauki lokaci ba suka ajiye shi. Tafiyar ta yi nisa, haya za ta zama biyu, kuma zuwan ƙarshen mako irin wannan yakan rikiɗe ya koma na ƙarshen wata. Suka yanke cewa tare za su tafi. Tambayar da ta rage ita ce a ina za a sauke kaya.

Gidaje uku

Maigidan ya riga su tafiya, ya yi mako biyu yana bin dillalai bayan an tashi aiki. Cikin abin da ya gani, uku suka tsaya masa.

Na farko ɗaki biyu da falo ne a hawa na uku na wani bene, tafiyar minti 10 a ƙafa zuwa ofis. Ginin mai kyau ne, amma a bakin babban titi yake, ba shi da wurin da yaro zai yi wasa, kuma hayarsa za ta cinye kashi 42 cikin 100 na abin da ke shiga hannunsa a wata.

Na biyu sabon gida ne a wata sabuwar unguwa a bayan gari: ɗaki uku, tsakar gida mai faɗi, wurin ajiye mota. Hayarsa kashi 18 ce kawai. Ranar Asabar da rana dillalin ya kai shi, suka isa cikin minti 40.

Na uku tsohon gida ne, ɗaki biyu, a wata tsohuwar unguwa da ke tsakanin wuraren biyu. Ba abin da zai burge mutum a hoto. Hayarsa kashi 29.

Ba sai an faɗa ba, zuciyarsa ta kwanta da na biyu. Ya tura wa uwargidan bidiyon tsakar gidan, ya kira ta a daren. “Maman yara, kin ga fili? Nan za su yi ta gudu har su gaji. Ga araha kuma, abin da ya ragu mu riƙa tarawa.” Ta ce, “Na gani, Baban yara, gida ya yi kyau. To amma idan ka fita da motar da safe, ni da su da me za mu fita?” Ya ce za a san yadda za a yi. Yayansa ma, da ya nemi shawararsa, gidan bayan garin ya zaɓa masa, ya ce mutum ya fara da abin da aljihunsa zai ɗauka ba tare da ya yi nishi ba.

Shawarar Yayan ba ta banza ba ce, sai dai rabin lissafi ce.

Lissafin da ba a rubuta a takardar haya

Ka'idar da aka fi yaɗawa ita ce kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin shiga. Asalinta dokar gidajen gwamnati ce a Amurka: a 1969 aka ƙayyade cewa mai zama a irin waɗannan gidaje ba zai biya fiye da kashi 25 ba, a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Daga nan ta bazu har ta zama kamar ma'aunin kowa. Matsalarta ita ce ba ta san da kuɗin mota ba. Shi ya sa wata cibiya a Chicago, Center for Neighborhood Technology, ta fito da wani ma'auni da ke haɗa haya da sufuri wuri ɗaya, ta ce su biyun kada su wuce kashi 45. Dalilin a fili yake, kuma masana tattalin arziki irin su William Alonso sun bayyana shi tun 1964: haya na sauka ne gwargwadon yadda ake nisa da tsakiyar gari, saboda mai zama can zai biya ragowar a kan hanya.

Da uwargidan ta iso da yaran cikin mako na uku, suka zauna da takarda da biro. Gidan bayan gari ba zai zaunu da mota ɗaya ba. Ko dai a sayi ta biyu, da manta da gyaranta da inshorarta, ko kuma kullum a ɗauki ta haya don kai yarinya makaranta da ɗauko ta. Da suka haɗa da man da shi zai ƙona zuwa ofis, sufuri ya tashi wajen kashi 22, jimla 40. Tsohon gidan kuwa akwai motar haya da ke bi ta bakin unguwar har kusa da ofis, sufuri bai wuce kashi 10 ba, jimla 39. Na kusa da ofis ya kai 47, nan take ya fita daga lissafi. Wato arahar da ta ja hankalin maigidan, kusan duk a titi za ta zube.

Kuɗi dai sun yi kunnen doki. Saura lokaci, kuma a nan ne abokin karatun nasa ya yi masa rana. Ya ce, “Malam, Asabar ba ranar gwada hanya ba ce. Ka je can ka kwana da niyya, ka fito Litinin da ƙarfe 6 da rabi, sannan ka zo mu yi magana.” Bai kwana ba, amma ya yi sammako ya je ya juyo tare da masu fita aiki. Minti 75 ya yi. Hanya ɗaya ce ke shiga gari daga wannan ɓangare, kuma akwai wata mahaɗa da motoci ke tsayawa cik, mutum na kallon fitilar hanya tana canzawa sau uku bai motsa ba. Daga tsohuwar unguwar kuwa minti 35 ne.

Bambancin minti 40 ne a tafi, 40 a dawo. A kwanakin aiki 220 na shekara, ya kai awa 293, sama da kwanakin aiki 36 cur a cikin mota. Amma ba wannan adadi ne ya girgiza shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 na bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini. Ɗan nasu yakan yi barci wajen ƙarfe 7 da rabi na dare. Idan uban ya fita ƙarfe 6 da kwata yaron na barci, ya dawo bayan 7 a gajiye, to daga Litinin zuwa Juma'a minti 20 ne rabonsa da ɗansa a yini, su ma na rigimar barci. Tsakar gidan da ya yi wa bidiyo, ba zai taɓa ganin su suna gudu a cikinta ba sai ƙarshen mako.

Mutane kan yi zaton za su saba da doguwar hanya. Abin da aka auna bai goyi bayan wannan zato ba. Alois Stutzer da Bruno Frey, masana tattalin arziki 'yan Suwizalan, sun bi bayanan dubban magidanta a Jamus, suka wallafa sakamakon a 2008: masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi nuna rashin gamsuwa da rayuwarsu, kuma ƙarin albashi ko arahar gida ba su cike musu gurbin ba. Daniel Kahneman da abokan aikinsa, a 2004, sun sa mata ma'aikata 909 a jihar Texas sun fayyace yadda yininsu ya kasance, sai ga tafiya aiki a can ƙasan jerin abubuwan da suke jin daɗinsu. A Suwidin kuma Erika Sandow ta Jami'ar Umeå ta gano a 2011 cewa haɗarin rabuwa ya fi yawa da kusan kashi 40 cikin 100 a tsakanin ma'auratan da ɗayansu ke doguwar tafiya zuwa aiki. Alaƙa ce aka gani, ba hukunci ne a kan kowane gida ba, amma alaƙa ce da mai ƙananan yara ya kamata ya tsaya ya duba. Injiniyan sufuri Yacov Zahavi, da Cesare Marchetti bayansa a 1994, sun lura cewa a wurare da zamunna dabam-dabam, abin da mutane ke ware wa zirga-zirga a yini yana kewaya awa ɗaya ne. Tsohon gidan na neman minti 70. Na bayan gari na neman awa biyu da rabi.

Yinin wadda ba ita aka yi wa canjin aiki ba

A ganina nan ne zuciyar lamarin take, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Duk lissafin da ke sama na mai zuwa ofis ne. Shi ranar da ya isa akwai tebur da ke jiransa, da abokan aiki, da wanda zai nuna masa inda ake yin kaza. Ita ba abin da ke jiranta. Jacob Mincer ya yi rubutu a kan wannan a 1978: iyali kan ƙaura idan ribar gidan gaba ɗaya ta fi asara, ko da kuwa ɗaya daga cikin ma'auratan asara zalla ya yi, ya bi ne kawai don kada gida ya rabu. A mafi yawan lokuta matar ce. Ita ta bar aikinta, ta bar mahaifiyarta, kuma ita za ta wuni a unguwar da za a zaɓa, awa 24, alhali shi kwana kawai zai riƙa yi.

Don haka ta ce ita ma za ta yi nata gwajin. Ranar Talata da hantsi ta sa aka sauke ta a ƙofar gidan bayan garin, ta kama hannun yarinyar, ƙaramin a kafaɗa, ta kunna agogon waya. Layin shiru, ƙofofi a rufe, rabin gidajen ba a gama ginin su ba. Ta yi minti 25 kafin ta ga kantin magani. Makarantar da dillali ya ce “nan kusa” tana tsallaken babban titi ne, mai layi biyu kowane hannu, ba gadar masu tafiya a ƙafa, ba alamar tsallakawa. Ta tsaya a bakin titin tana jiran motoci su lafa, yarinyar na jan hannunta, yaron ya fara kuka saboda ƙarar manyan motoci. Ba ta tsallaka ba, ta juya. Tsoronta yana da tushe: a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma kusan mutum miliyan 1.19 yake ci a duniya kowace shekara.

Washegari ta yi haka a tsohuwar unguwar. Minti 6 zuwa kantin magani, 12 zuwa makaranta ba tare da tsallaka babban titi ba, 15 zuwa wani ƙaramin asibiti da ke buɗe dare da rana. Ta tarar da mata biyu a ƙofar gida da yara tsaran nata, ta gaishe su, ta tambaye su abin da dillali ba zai faɗa ba: ruwa na taruwa a layin idan an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya? Da dare ana jin hayaniya? Me ya sa na cikin gidan nan suka tashi? Amsar ta ukun ce ta sa ta koma ciki ta sake dubawa da kyau. A ɗakin da za a sa yara, bango ɗaya kaɗai aka yi wa sabon fenti, daga ƙasa zuwa gwiwa. Ta danna babban yatsa, fentin ya lotsa, ta shinshina ta ji warin danshi.

Wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Danshi da fumfuna a cikin ɗaki suna da alaƙa da tari da asma a yara, hukumar lafiyar ta fitar da ƙa'idoji a kan haka tun 2009. Tsohon gida kuma yana iya ɗauke da tsohon fenti mai dalma, wadda ba a san wani adadi nata da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba; Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje a 1978, amma ƙasashe da dama sun daɗe bayan nan ba su hana ba. Saboda haka zaɓin bai zama tsakanin mai kyau da marar kyau ba. Bambancin shi ne bango ana gyara shi cikin mako biyu, amma ɗan haya ba ya gina gadar tsallaka titi, ba ya kuma matso da ofis.

Wani zai ce yara ƙanana ne, ba su san unguwa ba, duk inda aka ajiye su daidai ne. Akasin haka aka gani a gwajin da gwamnatin Amurka ta yi daga 1994 zuwa 1998 a Baltimore, Boston, Chicago, Los Angeles da New York, inda aka yi wa iyalai kusan 4,600 ƙuri'a, aka taimaka wa wasu suka koma unguwannin da talauci bai yi katutu ba. Da Raj Chetty da Nathaniel Hendren da Lawrence Katz na Jami'ar Harvard suka bi sawun yaran a 2016, sai suka ga waɗanda aka ƙaura da su kafin su kai shekara 13 suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da kusan kashi 31 cikin 100 bayan sun girma. Waɗanda suka haura 13 ba su ci wannan riba ba. Iyalan da aka yi gwajin da su matalauta ne ƙwarai, ba irin wannan iyali ba, don haka adadin ba nasu ba ne. Abin da ya shafe su shi ne tasirin unguwa taruwa yake yi shekara bayan shekara, kuma ƙaramin yaro ya fi kowa yawan shekarun da zai kwasa a cikinta.

Abin da suka yi, da abin da ya biyo baya

Suka ɗauki tsohon gidan, da sharuɗɗa uku a rubuce cikin yarjejeniyar haya: mai gidan zai nemo inda ruwan ke tsattsafowa ya toshe, ba fenti kawai zai ƙara ba, za a kankare tsohon fentin ɗakin yara a sake shi kafin su shiga, ba yaro a wurin, kuma haya ta shekara ɗaya ce, ba biyu ba kamar yadda ya nema da rangwame. Maigidan ya so karɓar rangwamen. Uwargidan ta ce, “Baban yara, mako uku muka yi a garin nan. Kada mu ɗaure kanmu da abin da ba mu ga damina a cikinsa ba.” Gyaran ya sa sun ƙara kwana 10 a masauki da kuɗin aljihunsu, ya biya yana ƙunƙuni.

Ba komai ne ya tafi yadda aka tsara ba. Da damina ta yi nisa danshin ya dawo ta wani gefen, mai gidan ya yi ta jan ƙafa, dole suka mayar da yaran ɗakinsu su kuma suka koma na yaran har aka gyara. Gidan ya matse. Baƙo ɗaya idan ya zo, falo ne makwancinsa, kuma Yayan da ya kawo ziyara bai fasa tuna musu da gida mai ɗaki uku ba. Makarantar ma ba ta kai yadda ake yabonta ba, aji ya cika fiye da kima, kuma uwar, da yake aikinta ne, ta gane haka tun zangon farko. Yarinyar ta yi kusan wata biyu tana tambayar yaushe za a koma gida, ta koma fitsarin kwance da ta riga ta daina.

A ɗaya hannun, uban na shigowa gida kafin ƙarfe 6 da rabi, shi ke yi wa ƙaramin wanka. Daren da zazzaɓin yaron ya yi zafi, a ƙafa suka kai shi asibiti. Motar takan wuni a gida kwana uku a mako, tunda yana bin ta haya. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne mutane. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya kiyasta a 2018 cewa sai an yi kusan awa 50 tare kafin sani ya zama abota ta sama-sama, kusan 90 kafin a zama abokai, fiye da 200 kafin a zama aminai. Irin waɗannan awoyi ba a tara su da alƙawarin ziyara. A ƙofar makaranta ake tara su da bakin layi, minti 10 yau, kwata gobe, da fuskoki iri ɗaya. Sai a wata na biyar uwargidan ta samu wadda za ta iya bar wa ƙaramin na awa biyu hankali kwance, ɗaya daga cikin matan nan biyu da ta fara tambaya. Wannan ne ya ba ta damar zuwa ganawar neman aiki, kuma a wata na takwas ta samu koyarwa ta rabin yini a wata makaranta da ke unguwar gaba.

Da shekara ta zagayo mai gidan ya ƙara haya, ta koma kashi 32 na albashin maigidan, amma yanzu akwai ɗan abin da uwargidan ke kawowa. Suka sabunta na shekara ɗaya, suka canza wa yarinyar makaranta zuwa inda uwarta ke koyarwa. Dillalin gidan bayan garin ya sake kira, wai an fara sayar da filaye a unguwar bayan garin kuma ana maganar faɗaɗa hanyar. Maigidan ya je ya gani, ya dawo da takardu. Ba su saya ba tukuna. Kamfanin nasa kan juya manyan ma'aikatansa daga reshe zuwa reshe bayan 'yan shekaru, kuma ya rubuta wa sashen kula da ma'aikata yana tambaya ko kujerar da yake kai tana cikin waɗanda ake juyawa.